Yadda Injiniya Ya Sallami Labule

A cikin maza akwai wanda zai ga abu ya yaba ya wuce, akwai kuma wanda da ya gani sau ɗaya shi ke nan ya iya, har yana neman wanda zai koya wa. Injiniya irin na biyun ne, kuma da suna da ƙungiya shi za a ba shugabanci ba hamayya.

Direba ne a wani kamfani, manaja yake ja. Ba wata makaranta da ta ba shi injiniyanci. Sunan ya same shi ne ranar da ya farke dutsen gugar matarsa da wuƙar kicin, ya mayar ya haɗa, ƙananan noti suka rage masa a tafin hannu, ya dube su ya ce ai dama na ado ne. Dutsen bai sake yin zafi ba, amma sunan ya zauna daram. Bayan dutsen guga ya taɓa famfon banɗaki, aka daɗe ana wanka da buta. Ya taɓa rediyon mahaifiyarsa, wadda duk layin ke kira Inna, tun daga ranar tasha ɗaya take kamawa, ita ma sai an kwantar da ita a gefe kamar marar lafiya. Duk wannan bai rage masa komai ba. In ka tuna masa, sai ya ce kayan yanzu ne ba su da inganci.

Matarsa tela ce, amma ba ta riga da zane ba, labule take ɗinkawa. Ba ta da shago, falon gidan shi ne shagonta. Tagogi uku ne a falon, kowace da irin labulen da ta rataya mata: wannan mai tattara, wancan mai shafi biyu, na ukun mai nauyi da ke zuba har ƙasa kamar an tsiyaye shi. Mai son ɗinki sai ta zo ta zauna, ta shafa, ta ja ta gani, sannan a yi magana. To akwai wata Hajiya da ta gama gina masaukin baƙi, bene guda cike da tagogi tsirara. Matar Injiniya ta daɗe tana bin ta, ta aika gaisuwa, ta aika hotuna, har dai Hajiya ta ce ita ba ta sayen labule a waya, za ta zo ranar Asabar ta gan shi a rataye da idonta. Idan aikin nan ya faɗo, matar za ta kama shago a bakin titi, ta huta da yanka yadi a tsakanin tukwane da bokitin wanki. Ba ta da wata magana a gidan sai wannan.

Ana cikin haka ƙanwarta ta haihu a wani gari, dole ta je. Ta wanke labulayen, ta goge su da dutsen maƙwabta, ta rataya, ta ja baya ta duba. A bakin ƙofa, jaka a hannu, ta juyo ta dubi mijinta.

"Baban yara, don girman Allah kada ka gyara komai. Ko ƙwan fitila ne ya mutu, ka bar shi a mace har na dawo."

Ya ce wannan ai cin fuska ne, shi da aikin ofis ya sha masa kai, ina ya ga lokacin taɓa kayan mata.

Washegari manaja ya aike shi da saƙo gidan wani babban mutum, aka ce ya jira a falo. Can ne ya ga abin da ya tafi da hankalinsa. Tagogi ba labule, ba ko ƙyalle, sai ƙyaure na katako daga ciki, fari fat, da siraran filanki a jere kamar haƙarƙari. Ka taɓa ɗaya da yatsa duk su kwanta, haske ya shigo. Ka ɗaga, ɗaki ya yi duhu. Injiniya ya kwantar, ya ɗaga, ya kwantar, ya ɗaga, har mai aikin gidan ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Kafin ya kai mota ya gama ƙera abin a kansa. Kafin ya kai ofis ya gano kurakuran da wanda ya ƙera ya yi.

Da yamma ya sauka a shagon mai aski da ke daura da gidansa, inda mazan layin ke zama ko ba su da gashin da za a taɓa. Ya ce labule ya tashi aiki. Tsumma ne kawai da aka ba girma: ya sha ƙura, ya ɓoye sauro, iska ta kaɗa shi ya tona maka asiri kana zaune da gajeren wando. Manyan mutane duk sun daina. Shi kuwa zai sa wa falonsa ƙyauren ciki kafin Asabar, Hajiya ta zo ganin tsumma ta tarar da ci gaba, ta damƙa masa aikin benen gaba ɗaya. Matar ma ai ba za ta rasa ba, zai ɗauke ta aikin goge ƙura.

Mai aski bai ɗaga ido daga kan da yake kankarewa ba.

"Injiniya, uwargida ta san da wannan ci gaban?"

"Ana shawara da mai labule a kan korar labule?"

"To kafinta fa, wa za ka kira?"

"Kafinta kai biyu gare shi? Katako ne da ƙusa. Ni da na taɓa kwance injin mota."

"Wadda janwe ta zo ta ɗauka?"

Injiniya ya ce waccan matsalar mai ce, ya karkaɗe wando ya tashi.

Ya nemi hutu a ofis, ya ce mahaifiyarsa ba lafiya, alhali Inna na tsakar gida tana shara da ƙarfinta. Awo bai ci masa lokaci ba. Tef ɗin matar na rataye a jikin keken ɗinki, amma ya ce wannan na auna ƙugu ne. Ya zare bel ɗinsa ya gwada taga ɗaya, tsaye da kwance, ya riƙe a ka. Sauran biyun bai kula su ba, don a ganinsa taga ai taga ce. Abin da bai sani ba, maginin da ya yi gidan shi ma ɗan ƙungiyarsu ne: babu tagar da ta yi kama da 'yar'uwarta.

A kasuwar katako mai sayarwa ya dube shi sau ɗaya ya gane irinsa. Ya kira shi oga, ya ce daga yadda yake ƙwanƙwasa filanki an san an haɗu da gwani, sannan ya ɗora masa ɗanyen katakon da har lokacin yana hawaye. Injiniya ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce daga nauyin ma ka san na ƙwarai ne.

Yana isowa gida ya sauke labulaye ya zubar a kan kujera, ya kwance sanduna da maƙalansu, ya ce tarkacen nan sun gama zamaninsu. Inna na tsaye a bakin falo tana kallo. Da ta ga ya miƙa hannu zai share gumi da gefen mai shafi biyun, sai ta shigo ta tattara su duka ta rungume.

"Inna, ina za ki kai su? Zan shimfiɗa ne a ƙasa in na zo fenti."

"Ni na haife ka, na san abin da na haifa," ta ce, ta wuce ɗakinta ta murɗa makulli.

Aka shiga zarto da guduma. Layin gaba ɗaya ya san ana aiki, don bayan kowace bugu uku sai a ji wadda ta sauka a yatsa, da kalmar da ke biyo ta. Filankin gidan babban mutum da yatsa ɗaya suke kwanciya tare, su tashi tare. Na Injiniya kowane da ra'ayinsa: wannan ya kalli sama, wancan ya kalli ƙasa, na tsakiya ya faɗo gaba ɗaya. Da ya jera su suka fito kamar haƙoran tsoho. Ya ce haka ya fi, kowane ɓangaren ɗaki ya samu irin hasken da ya dace da shi.

Da aka zo kafawa, ƙyauren farko ya fi tagarsa faɗi, ya rage shi da zarto har ya wuce gona. Na biyu ya bar gibin da kyanwa za ta shiga ba tare da ta sunkuya ba. Na uku ya shiga, amma a karkace, kamar hular ɗan iska. Duk ya bi su da ƙusoshi ya kafe a bango, ya ja baya yana share hannu, ya kira Inna ta zo ta sa albarka. Inna ta ce albarka sai an sha iska, a buɗe mata taga.

Nan aka tuna abin da kowa a gidan ya sani tun ranar da suka tare: gilasan tagogin nan ciki suke buɗewa, saboda ƙarafan tsaron da ke waje. Yanzu kuwa katakon da ya zagaye ƙyauren ya zauna a gabansu daram. Gilashi ya motsa kamar faɗin yatsa, ya bugi katako, ya tsaya.

Injiniya ya sake jan gilashin, gilashi ya sake bugun katako. Sannan ya ce dama haka tsarin yake, gilashi da ƙyaure ba sa zama tare, a gidajen manya ma cirewa ake yi. Ya ɓanɓare abin da ya kafa, ya kwance gilasan, ya fasa ɗaya, ya jingina sauran a bayan gida. Da ya zo mayar da ƙyaure ramukan farko sun faɗaɗa, sai ya nemo dogayen ƙusoshi ya huda sababbi a gefensu. Bangon saman tagar ya koma kamar rariya, siminti na zuba masa a ka yana cewa wannan ƙurar ci gaba ce.

An gama da gilashi, sai kujeru. Shi ma ƙyauren ciki yake buɗewa, kuma da yake Injiniya bai ga dalilin raba shi biyu ba, kowane faɗinsa kamar ƙofar gareji. Na farko ya bugi doguwar kujera, na biyu ya nufi talabijin, na uku ya doki keken ɗinki har ya yi ƙara. Wani da sai ya tsaya ya yi tunani. Shi kuwa cewa ya yi kayan ɗakin ne aka jera ba bisa ilimi ba. Ya jawo kujeru, tebur, talabijin da keke, ya tara su a tsakiyar falo, wani kan wani, ya bar 'yar siririyar hanya a jikin bango wadda sai mutum ya bi ta a gicciye.

Mai aski ya tsallako ya leƙa ta tsakanin ƙarafa, wasu mutum biyu na bayansa, ɗaya da rabin kai a aske.

"Sannu da aiki, Injiniya. Kaji za ka zuba ne, ko tattabaru?"

"Wanda bai taɓa shiga gidan manya ba ai dole ya ga akurki."

"Gaskiya ne. To su manyan a kan tebur suke zama, ko a ƙarƙashi?"

Injiniya ya ce ya gayyace su duka ranar Asabar, su zo su gani da idonsu, kuma wanda ya yi dariya yau shi zai fara layin neman a yi masa. Ya ja ƙyaure don ya rufe a fuskarsu, filanki biyu suka faɗo.

Ranar Alhamis da la'asar hadari ya haɗo, aka sako ruwa da iska. Gilashi dai yana bayan gida a jingine. Filankin da ya kamata su kore ruwa waje, da yake yawancinsu ciki suka sunkuyo, sai suka yi ta tattaro shi suna zubawa a falo kamar indararo. Injiniya ya yi ta zagaye tsibirin kujerunsa da bokiti da tsumman goge ƙasa, yana faɗa wa Inna cewa wannan gwaji ne, kuma ƙyauren ya ci, tunda bai faɗi ba. Inna ta ɗage zanenta daga ruwa ta ce ita ma ta ga bai faɗi ba.

Da gari ya waye katako ya sha ya ƙoshi, ya kumbura. Sai da ya sa kafaɗa da gwiwa kafin kowane ƙyaure ya koma mazauninsa. Nan take ya gano maganin: fenti. Katakon da aka shafe da fenti ruwa ba ya shigarsa, kowa ya san wannan. Ya sayo farin fenti mai mai, mai kauri kamar man shafawa. Mai shagon ya ce a sirka shi, ya ce sirki na masu ƙaramin ƙarfi ne. Da yake buɗe ƙyauren ya zama aiki, a rufe ya shafe su, ya cika kowace kafa da kowane hinjin da ƙyauren ke juyawa a kai, ya bi filanki ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga su ya daidaita a rufe ya malala musu. Ya sake bi da na biyu tun na farko bai sha iska ba. Ya tsaya a cikin duhu da warin fenti, ya ce yanzu ne abin ya yi kama da na gidan manya.

Inna ta yafa mayafi ta tsallaka shagon aski, wurin da ba ta taɓa takawa ba, ta ce a kira mata surukarta a waya. Ba ta yi dogon bayani ba.

"'Yar nan, ya mai jego? To madalla. Ki taho, mijinki yana gyara."

Mai aski ya rantse cewa daga can ɓangaren bai ji komai ba sai ƙarar zuge jaka. Sai dai motar garin ta riga ta tashi, sai ta safe.

Asabar ta zo da rana mai zafi, aka kuma ɗauke wuta tun da hantsi. Injiniya ya sa kayansa na zuwa ɗaurin auren manya, ya fesa turare a kan warin fenti. Mazan layi suka taru a ƙofar gida kamar yadda ya gayyace su, matan maƙwabta kuma suka sami dalilan shanya a waje. Motar Hajiya ta tsaya. Mace ce mai jiki, mai tafiyar wadda ba ta saba jira ba, da mayafi ruwan sararin sama wanda daga gani ba na kasuwar layi ba ne. Ta tambayi mai ɗinki. Injiniya ya ce tana hanya, amma shi ne maigidan, kuma shi ne ke kula da ɓangaren tagogi.

Ya shigar da ita. Daga hasken rana zuwa falon nan kamar an jefa mutum rijiya ne. Hajiya ta lalubi hanya, ya ce ta bi a gicciye, ta bi, bayanta na gogar wani abu mai danƙo. Ya zaro mata kujera ɗaya daga gindin tsibirin ya zaunar da ita. Sannan ya gyara murya ya fara. Ya yi bayanin ƙura, ya yi na sauro, ya yi na gajeren wando. Ya ce baƙon da ya biya kuɗin ɗaki ba tsumma ya zo gani ba. Ya ce da yatsa ɗaya ake mulkin haske a gidajen da suka san kansu.

Hajiya na fifita da jakarta. "Malam, ni labule na zo gani. Ina labulen?"

"Hajiya, abin da ya fi labule za ki gani."

"Ban ga komai ba tukuna, ko hannuna ban gani ba. Buɗe min taga kafin na shiɗe."

Injiniya ya ɗaga yatsa ɗaya sama, don ta shaida cewa ɗaya ne, ya taɓa filanki. Filanki bai san an yi ba. Ya ƙara yatsa. Ya sa tafin hannu. Ya ce sabon abu ne, yana ɗan jin kunya. Ya kama marikin ƙyauren ya ja, marikin ya biyo shi, ƙyaure na nan inda yake. Ya sa shi a aljihu kamar dama cirewa ake yi. Ya koma taga ta biyu ya zura sukudireba a gefe ya danna, sukudireba ta lanƙwashe. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. Hajiya ta ce direbanta ya zo ya fitar da ita, ya ce ta ba shi daƙiƙa kaɗan, matsalar daga waje take.

Ya ɗaga murya ya kira mai aski, ya ce ya samo wani abu mai ƙarfi ya turo ta tsakanin ƙarafa. Mai aski bai taɓa karɓar aiki da farin ciki irin wannan ba. Ya aro muciyar maƙwabta ya zura, mutum uku suka kama masa. Daga ciki Injiniya ya cusa yatsu a gibin da kyanwa ke shiga, ya kafa ƙafa ɗaya a bango. Ya ce in ya ce a tura, a tura.

Fentin ya riƙe amana, katakon ma ya riƙe. Bangon da aka mayar rariya ne bai riƙe ba. Ƙyaure da katakon da ya zagaye shi da dogayen ƙusoshi da falalen siminti guda daga saman taga suka taho tare, suka kwantar da Injiniya a kan tsibirin kujeru. Tebur ya zame, talabijin ta kifa a kan kushin, ƙura ta tashi. Haske ya shigo falon gaba ɗaya, ya shigo da fuskokin layin a jere a jikin ƙarafa, har da masu ɗaga yara su gani.

Da ƙura ta lafa, abu biyu suka bayyana. Na farko bayan mayafin Hajiya, wanda ya samu fararen layuka a jere tun daga kafaɗa har ƙasa. Na biyu matar Injiniya, tsaye a bakin ƙofa da jakarta a hannu.

Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro. Ta dubi tagogi, ta dubi kekenta a saman tebur da ƙafafu sama, ta dubi ƙafafun mijinta da ke motsi a ƙarƙashin ƙyaure.

Injiniya ya leƙo da kai, fari fat da ƙura. "Kin dawo lafiya? Kin ga ya buɗu."

Hajiya ta miƙe, ta jawo mayafinta gaba ta duba, ta ce ta gode, ta ga abin da ta zo gani. Matar ta ajiye jaka ta tare siririyar hanyar, wadda dama mutum ɗaya take ɗauka. Ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta ce kuɗin mayafi a wuyanta yake, amma Hajiya ta taso tun daga nesa don labule, kada ta koma ba ta ga labule ba. Kafin Hajiya ta amsa, Inna ta fito daga ɗakinta da su a rungume. A ƙarƙashin katifa ta shimfiɗa su, ta kwana a kai, sun miƙe sumul kamar daga wurin guga.

Hajiya ta shafa na saman da bayan hannu, ta juya shi ta duba ɗinkin ciki. Ta ce a hannu kowane yadi kyau gare shi, ita a rataye ta ce za ta gani. Duk aka ɗaga kai aka dubi saman taga. Babu maƙali, babu ma bangon da za a kafa maƙalin, sai rami da bulo a waje.

Matar ta zaro sandar labule daga ƙarƙashin tarkace, ta zura mai tattarar a jiki. Sannan ta jawo kujerar katako ta ajiye a gaban taga.

"Injiniya, hau."

Ya ce shi? A gaban jama'a? Ya dubi Inna, Inna ta dubi silin. Ya hau. Ta miƙa masa sanda ta ce ya ɗaga sama da kansa, hannu biyu, ya juya baya ga ɗaki don kada fuskarsa ta ɓata wa yadin kyau. Labule ya sauka ta bayansa ya rufe shi ruf, ya bar shi fuska da fuska da mutanen layi, ƙarafa kawai a tsakani.

Hajiya ta koma ta zauna. Sai a lokacin ta ji iska, kuma sai a lokacin ta gane ba ta sauri. Ta ce a ja a buɗe, aka buɗe, bayan Injiniya ya bayyana. Ta ce a rufe, gara a rufe. Ta ce hagu ya yi ƙasa. Ta ce yanzu dama ce ta yi ƙasa. Ta nemi mai shafi biyun, aka sauke aka zura aka mayar masa. Ta tashi ta je ƙarshen ɗaki ta duba daga nesa, ta dawo ta duba daga kusa, ta kira wata ƙawarta a waya ta kwatanta mata launin dalla-dalla, har suka gangara kan labarin ciwon ƙafar mijin ƙawar. Sannan ta ce a kawo mai nauyin nan.

Mai nauyin kuwa ya ci sunansa. Hannuwan Injiniya suka fara rawa, tattarar labule na kaɗawa ba iska. Mai aski ya matso jikin ƙarafa ya tambaye shi ko a kawo masa ruwa da tsinken sha, ko kuwa a gidajen manya ba a ba maƙali ruwa.

Daga ƙarshe Hajiya ta ce mai nauyin za a yi wa ɗakunan sama, mai shafi biyu na ƙasa, mai tattara kuma wurin karɓar baƙi. Ta ce dama wani ya so ya ja ra'ayinta kan ƙyauren katako, yau Allah ya raba ta da wannan tunanin har abada. Matar ta zo ranar Litinin ta auna tagogi.

"Amma da sharaɗi, ƙanwata. Mijinki kada ya san ko unguwar da masaukin yake."

"Ko hanyar ba zai sani ba, Hajiya."

"To bari na sake ganin mai tattarar nan, ban duba ƙasansa da kyau ba."

Ana zura shi a sanda, Injiniya ya sunkuyo wajen ƙarafa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya rage murya yadda a ganinsa mutanen waje kawai za su ji. Ya ce su ba su san ciniki ba. Duk tsari ne. Sai ka fara nuna wa mai saye abin da zai tsorata shi, sannan ka fito da naka. Wa ya kawo aikin benen nan gidan in ba shi ba? Kuma ƙyauren ma ba laifinsa ba ne, bangon ne ba shi da inganci, in aka samu siminti mai kyau mako mai zuwa...

Daga bayan labule muryar matarsa ta fito, a natse, kamar mai faɗin farashin yadi.

"Baban yara, maƙalin labule ba ya magana. Ɗaga hagu."